Ɗaki na Bakwai

Ni ke riƙe da makullan gidan, shi ya sa kowa ke ce mini Inna Makulli, har likitoci. Ɗaki goma sha biyu ne, da kicin ɗaya, da banɗaki huɗu, sai tsakar gida mai igiyar shanya wadda ban taɓa ganin ta ba kaya ba. Wata ƙungiya ce ta kama gidan saboda yara masu ciwon daji da ake kawowa babban asibiti daga nesa. Maganin wannan ciwo ba na kwana ɗaya ba ne. Yau a ɗaura wa yaro ruwan magani, a ce ya dawo bayan mako. Ya dawo, a ce jininsa ya yi ƙasa, a zo jibi. Haka za a yi ta jan rai wata shida, wani ma shekara. To wanda garinsu ke da tafiyar kwana biyu, ina zai sa kansa? Shi ne ake ba shi ɗaki a wurinmu, da abinci sau uku, da motar da za ta kai su asibiti da safe ta dawo da su da yamma, duk kyauta.

Shekarata goma sha ɗaya a wannan aiki, kuma ba zan yabi kaina da abin da ba ni da shi ba: ba ni da sanyin hali. Mace ta bar mini tukunya a jiƙe, sai maƙwabta sun ji mu. Namiji ya sha mini taba kusa da tagar yara, sai ya gwammace kiɗa da karatu. Amma duk faɗan da nake, akwai abu ɗaya a gidan da ya fi ƙarfin bakina, shi ne dokar kwana uku.

Dokar ta ce ɗaki na yaron da ake yi wa magani ne. Ranar da likita ya rubuto cewa an gama, ko don yaro ya warke, ko don babu sauran abin da za a yi masa, iyayensa suna da kwana uku su haɗa kayansu su ba ni makulli. Direbanmu ke kawo takardun likita liƙe cikin ambulan kullum da yamma, ya miƙo mini, ni kuma in ajiye wa Shugaba a kan tebur. Shugaba ita ta kafa ƙungiyar, bayan ta binne ɗanta na fari da wannan ciwo. Na taɓa ce mata ido da ido dokar nan babu imani a cikinta. Ba ta yi fushi ba. Ta cire tabarau ta ce, "Inna, ɗaki goma sha biyu gare mu. Ki ba ni na sha uku, yau in yaga dokar." Na fita ina gunaguni, don a ganina magana ce irin ta mutanen ofis.

A ɗaki na bakwai akwai wata mata da muke kira Tela, don da keken ɗinkinta na hannu ta zo. Ita ke ɗinka wa yaran gidan huluna idan gashinsu ya zube, ba ta taɓa jira a roƙe ta ba. Ɗanta shekararsa takwas, ciwon a jininsa yake. Injiniya muke ce masa, don babu abin da ya tsira daga hannunsa. Ya kwance mini rediyo, ya mayar, ya miƙo mini wasu ƙusoshi uku ya ce ai daman sun yi yawa. Rediyon kuwa ya ci gaba da magana, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Yakan tsokane ni ya ce idan ya warke zai aure ni ya gaji makullan. In ce masa Allah ya kiyaye in auri mai sanƙo. Watansu goma sha huɗu tare da mu, kuma gaskiya ɗaya ce, ina son yaron nan fiye da yadda ya kamata mai aiki ta so ɗan wani.

Wata Talata Direba ya miƙo mini ambulan. Ba aikina ba ne in buɗe, amma shekara goma sha ɗaya ina buɗewa, ba wanda ya hana ni. Takarda uku ce a ciki, ta ukun ta Injiniya. Layi biyu kawai likita ya rubuta. Magani ya daina ci, an dakatar, a ci gaba da ba shi na rage zafi.

Na tarar da Tela a bakin katifa, keken ɗinki a gabanta, ba ta ɗinkin. Injiniya yana barci, bakinsa a buɗe. Kallo ɗaya ta yi wa hannuna ta gane.

"Ta iso ke nan," in ji ta.

"Ta iso."

"Likita ya faɗa mini da safe. Ya ce mako biyu ne, ko uku." Ta sauko daga katifar ta durƙusa a gabana, mace mai 'ya'ya huɗu. "Inna, ki rufa mini asiri. Maganin zafin nan na mako ɗaya suke bayarwa, sai an koma an karɓo. A garinmu babu shi, ko sunansa ba su sani ba. Kin ji kukansa ranar da ya ƙare mana. In na tafi da shi, haka zai yi ta yi har ransa ya fita. Ba warkewa nake roƙo ba, Inna. Na bar wannan."

Na ce mata ta tashi, ba na son shirme. Na fita na shiga sito, na ɗaga buhun shinkafa na tura takardar a ƙarƙashi. Sauran biyun na kai wa Shugaba. Ko ɗar ban ji ba. In ma faɗi gaskiya, daɗi na ji, na ce yau dai na yi abin kirki da hannuna.

Kwana biyu bayan haka, da safe ina shara a ƙofar gida, wani mutum ya yi sallama. Dogo ne siriri, hannuwansa duk tabon ƙuna. Yana saɓe da yarinya 'yar shekara biyar, cikinta ya kumbura ta gefe ɗaya, sauran jikin kuwa ba komai. Ya ce shi mai walda ne, daga nesa suke, likita ya turo shi. Ya miƙo mini 'yar takarda da hannu biyu. Ciwon a ƙodarta yake, an fara mata magani jiya, suna bukatar wurin zama na wata shida.

"Ɗaki babu," na ce. "Amma ku ne a kan gaba. Da an tashi, ku za a kira."

"To, Inna. Allah ya sa mu dace." Ya gyara wa yarinyar zama a kafaɗa. "Uwata, gaida Inna."

Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, shi ya sa yake kiran ta haka. Ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kai.

"Yanzu ina kuke kwana?"

"A asibitin. Akwai wani wuri ƙarƙashin bene, bayan ɗakin gwajin jini. Ba laifi, iska ba ta shiga sosai."

Na rubuta lambar wayar da ya ba ni, ya ce ta maƙwabcinsa ce a gida, tasa ta faɗi a mota. Na zuba musu abinci a roba, na ce ya riƙa biyo Direba yana karɓa. Ya yi ta godiya har sai da na ce ya isa haka. Da ya juya, na ce a raina mako biyu ne kawai, namiji ne, zai jure. Yarinyar kuma ai a cikin asibiti take, ga likitoci ko'ina. Haka na lallashi kaina na koma shara.

Kullum da safe sai ya zo. Ba ya jiran Direba, da ƙafa yake takowa, tafiyar rabin awa, yarinyar a kafaɗa. Ya tsaya a bakin ƙofa, ba ya shigowa, ya gaishe ni, ya tambayi gajiya, ya tambayi yara, sannan a ƙarshe kamar wanda ya tuna wani ƙaramin abu ya ce, "Inna, ko an samu?" In ce ba a samu ba tukuna. Ya ce to, Allah ya kawo. Da zai yi mini faɗa ko sau ɗaya, da na samu sauƙi, don faɗa na iya. Wannan ladabi nasa shi ya riƙa ci mini rai.

A rana ta shida Direba ya tare ni a kicin. Tsoho ne kamata, mun saba zolayar juna.

"Inna, yaron ɗaki na bakwai kwana shida bai hau motata ba."

"Jikinsa ne ba daɗi."

"Na sani. Ni na ɗauko ambulan ɗin ranar Talata, kuma ma'aikaciyar jinya a gabana ta sa takarda uku."

"To sai ka je ka kai ƙara, tunda yanzu kai ne mai binciken gidan."

Ya ɗauki kofin shayinsa, ya hura. "Ni ba ruwana. Amma jiya masu gadin asibiti sun kori Mai Walda daga ƙarƙashin benen, wai manya za su zo zagaye. A bakin titi na same su, kusa da kwata. Na ga ya kamata ki sani."

Na zage shi tas, na ce ya fita mini daga kicin da ƙazamin takalminsa. Ya fita. Ni kuma na tsaya ina wanke tukunyar da na riga na wanke.

Shugaba ma ta tambaya. Ran Litinin ta kira ni ofis, ta ce likita ya yi mata zancen wata yarinya mai ciwon ƙoda, ya ce irin nata yana jin magani idan aka bi shi ba fashi, amma ba ya son ta riƙa kwana a waje, don maganin yana kashe ƙarfin jiki, ƙaramin zazzaɓi ma sai ya kayar da yaro.

"Ba wanda ya kusa tashi?" in ji ta. "Na ɗauka na ji ana maganar ɗaki na bakwai."

"Ranki ya daɗe, takardarsu ba ta zo ba."

Ta dube ni ta saman tabarau. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa yi mata ƙarya ba, don haka ta yarda. Ta ce za ta nemi masallatai da makarantu ko wani zai ara mana ɗaki. Ta nema kuwa, a gabana ta yi ta buga waya. Da an ji ciwon daji ne, sai a ce a yi haƙuri. Har yanzu akwai masu ganin ana ɗaukarsa a kofi.

Kada wani ya ce ban yi tunanin wata dabara ba. Na yi. Na so in sa su a sito, amma ba taga, ga ɓeraye. Na so in haɗa su da wasu a ɗaki, likitoci sun hana, don yaro ɗaya ya yi tari sai ya kwantar da ɗayan. Ɗakina kuwa a gidan ƙanena yake, mu tara a ciki. Hanya ɗaya ce, kuma tana ƙarƙashin buhun shinkafa. Sau biyu ina ɗaga buhun. Sau biyun ina jiyo muryar Injiniya daga ɗaki na bakwai, sai in sake shi.

Yaron kuwa yana ta tafiya a hankali. Ya daina cin abinci, sai ruwa da cokali. Amma bai yi kukan nan ba, ko sau ɗaya. Tela takan karɓo maganin duk mako, ta ɗiga masa a kan lokaci, ya yi barci. Wata rana da hantsi na shiga, ya buɗe ido ya ce, "Amaryata, fankar nan tana ƙara. Ƙusa ce ta kwance." Na ce idan ya tashi ya gyara. Ya ce, "Ki kawo mini ita nan." Na sauke fankar tebur na ɗora masa a kan katifa, ya ɗora hannu a kanta, barci ya ɗauke shi. Na ce a raina ko me za a yi mini, na yi daidai.

A rana ta goma sha uku Mai Walda ya zo shi kaɗai. Ya ce Uwata tana zazzaɓi, an kwantar da ita a ɗakin gaggawa, an ɗaga maganin wannan makon. A ta goma sha biyar ya ce an sallame ta daga gaggawa don ana bukatar gadon, sun koma ƙarƙashin bene. Ya rame, idanunsa sun yi ja. Ya daɗe a tsaye bai yi tambayar tasa ba, sannan ya ce, "Inna, jiya ta ce mini siminti yana cizon ta. Ni ƙarfe na sani, ban san yadda ake wannan ba." Na ba shi bargo biyu da tabarma. Na ce ya ƙara haƙuri kaɗan, an kusa. Kunya ta hana ni kallon fuskarsa, don na san abin da nake nufi da an kusa, mutuwar ɗan wata nake jira in ba shi ɗaki.

Ta goma sha shida bai zo ba. Ta goma sha bakwai ma haka. Direba ya ce bai gan su ba, amma asibitin babba ne. Na ce wataƙila an sake kwantar da ita, na ma ji sanyi a raina da ba sai na fuskance shi ba.

Injiniya ya cika a rana ta goma sha tara, bayan la'asar, kansa a cinyar uwarsa. Lafiya lau ya tafi, kamar mai barci. Tela ta rungume ni ta ce ba za ta manta da ni ba har ta mutu. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mijina. Washegari aka yi masa sutura, ta naɗe kayanta, ta bar wa gidan keken ɗinkin, ta miƙo mini makulli.

Ban ko zauna ba. Na fitar da katifa rana, na wanke ɗakin da maganin kashe ƙwayoyin cuta tun daga bango har ƙasa, na sa sabon zanin gado. Na ce wa Direba ya tayar da mota, da kaina zan je in ɗauko su.

Ƙarƙashin benen babu kowa, sai kwali biyu a shimfiɗe. Wata mai goge-goge ta ce ai mai yarinyar nan ya tafi kwana huɗu ke nan, da sassafe, ya ce mata ta yafe masa in ya ɓata mata wuri. Na hau sama wurin likita. Yaro ne matashi, kullum a gajiye. Ya ce ya neme su ranar maganinsu bai gan su ba. Na tambaye shi in an dawo da ita yanzu fa. Ya ce a dawo da ita ko yau, zai gwada, amma an yi fashi, kuma ciwon ba ya jira. Sannan ya buga hannu a tebur ya ce, "Wannan yarinyar tana cikin waɗanda nake sa ran za su tashi, Inna. Ba su da yawa."

A cikin mota na buga lambar maƙwabcin. Sau huɗu kafin a ɗauka. Aka ce in jira, aka tafi kiransa. Ina jin kukan awaki da muryoyin yara, har na ji numfashinsa.

"Malam, Inna Makulli ce. Ɗaki ya samu. Na wanke shi, na gyara. Ku taho yau."

Na ƙara manna wayar a kunne.

"Kana ji na? Ko gobe ne ku kamo hanya. Likita ya ce zai ci gaba."

"Ina ji, Inna." Muryarsa a kwance take. "Tafiyar ta wahalar da ita ƙwarai. Tun da muka iso ba ta sa komai a bakinta ba. Cikin ya ƙaru, ko zama ba ta iyawa. Ba zan sake ɗora ta a mota kwana biyu ba. Tana wurin mahaifiyarta, a kan katifa. Ta daina cewa a kai ta gida."

"Malam, ka saurare ni. Akwai abin da ya kamata in faɗa maka."

"A'a, Inna, kada ki damu kanki. Wallahi ba mu riƙe ki da komai ba. Na ba mahaifiyarta labarinki, abincin da kika yi ta ba mu, da barguna. Na ce mata a duk garin nan ba wanda ya dube mu kamar ke." Ya ja numfashi. "Na san da akwai ɗaki ko na kwana ɗaya ne, da kin ba mu. Allah ya saka miki da alheri."

Direba yana zaune a gefena, ya kafe idonsa a kan titi.

"Inna? Kina ji na? Na ce Allah ya saka miki."

Na ce amin.